Tsofaffin fina-finan 'yan fashi na Faransa da yadda ake mallakarsu a faifai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin wanda ya kalli ɗaya daga cikin tsofaffin fina-finan laifi na Faransa, abin ya shiga ransa, yana neman ƙari. Na farko-farkon sun shafi fina-finan ne su kansu, na baya kuma sun shafi faifai da na'ura da fassara, inda nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi.

Wane irin fim ake kira film noir, kuma me ya haɗa shi da Faransa?

Fim ne na laifi, fashi ko kisa ko cin amana, wanda duhu ya rinjayi haske a hotonsa, jaruminsa kuma mutum ne mai tabo, ba na kirki can ba, ba kuma lalatacce gaba ɗaya ba. Da wuya ya ƙare da murna. Sunan ya kafu ne a 1946, lokacin da mai sharhin fina-finai Nino Frank ya yi rubutu a kan wasu fina-finan Amurka da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana su shiga Faransa, sai suka iso Paris a jere bayan an sauke makamai. Shekara guda kafin nan, a 1945, kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fara fitar da jerin littattafan laifi mai suna Série noire ƙarƙashin Marcel Duhamel. Daga waɗannan littattafai aka ɗebo labaran fina-finai da dama da za a ambata a ƙasa.

Ashe kenan kwaikwayon Amurka Faransawa suka yi?

An yi aron juna ne. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu Faransa na da nata salon. A 1937 Julien Duvivier ya fitar da Pépé le Moko, labarin ɗan fashin da ya ɓuya a tsohuwar unguwar Kasba ta birnin Aljiyas, 'yan sanda ba sa iya shiga su kamo shi, shi ma ba ya iya fita. Marcel Carné ya biyo da Le Quai des brumes a 1938 da Le Jour se lève a 1939. Jean Gabin ne jarumi a duka ukun, kuma a duka ukun ƙaddara ce ke cin sa. Amurkawa sun ga waɗannan, har suka sake yin biyu daga ciki da Turanci.

Bayan yaƙi iska ta juya. Faransawa suka ɗauko doguwar rigar ruwa da malafa da manyan motoci daga fina-finan Amurka, suka dasa su a unguwannin Pigalle da Montmartre na birnin Paris. Amma halin mutanen da ke cikin rigar na Faransa ne, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

To me ya bambanta na Faransa?

Shekaru da gajiya da amana. A fim ɗin Amurka sau da yawa ɗan bincike ne ke tsakiyar labari, ga kuma wata mace da za ta ja shi rami. A na Faransa ɗan fashin ne a tsakiya, kuma galibi ya manyanta, yana so ya yi aiki ɗaya na ƙarshe ya huta. Abin da ke rusa shi ba ɗan sanda ba ne, aboki ne: ko ya yi suɓul da baka, ko an kama shi dole a je ceto.

Misali mafi kyau shi ne Touchez pas au grisbi na Jacques Becker, 1954. Kafin fim ya fara an riga an yi satar, sandunan zinare na faran miliyan 50, ba a ma nuna ta ba. Max, wato Gabin, ya gano cewa abokinsa Riton ya yi wa budurwarsa alfahari da zancen, ita kuma ta kai wa wani dillalin ƙwaya. Me Max ya yi? Ya kai Riton wani ɓoyayyen gida, ya ɗauko busasshen burodi ya shafa masa niƙaƙƙen nama, suka ci suna magana a hankali. Ya nuna masa fuskarsa a madubi, ya ce ya dubi yadda tsufa ya kama su. Sannan ya miƙa masa kayan barci da buroshin goge baki, kyamara ta tsaya tana kallon manyan 'yan fashi biyu suna goge haƙora. Wanda ya zo neman harbe-harbe zai ƙosa a nan. Amma saboda wannan daren ne, lokacin da aka sace Riton aka ce a kawo zinaren, mai kallo ya riga ya san abin da Max zai zaɓa, kuma ya san abin da zaɓin zai ci masa.

Da wanne ya kamata in fara?

Da Du rififi chez les hommes, 1955, wanda aka fi sani da Rififi. Labarinsa miƙaƙƙe ne, ba ya buƙatar ka san komai game da Faransa. Daga nan sai Touchez pas au grisbi, sai Le Trou. In ka ji kana jure shiru, ka shiga na darakta Jean-Pierre Melville. Mutane da yawa kan fara da fim ɗinsa Le Samouraï saboda shi ya fi suna, amma a ganina kuskure ne: fim ne mai sanyi ƙwarai, ya fi daɗi ga wanda ya riga ya san al'adar da yake tacewa.

Mai son kiɗa ya nemi Ascenseur pour l'échafaud na Louis Malle, 1958. Mutum ya kashe mijin farkarsa, ya koma ɗauko igiyar da ya manta, mai gadi ya kashe wutar gini, ya kwana a maƙale cikin lifta. Ita kuwa farkar, wato Jeanne Moreau, tana yawo a titunan Paris tana nemansa, kakakin Miles Davis na bin ta. A dare guda cikin Disamba 1957 aka ɗauki wannan kiɗa, mawaƙan na kallon fim ɗin a bango suna busawa.

Me ya sa ake yawan zancen fashin da ke cikin Rififi?

Domin kusan rabin sa'a ne babu magana, babu kiɗa. Mutum huɗu sun shiga gidan da ke saman wani shagon gwala-gwalai, suka ɗaure masu gadi, suka fara huda daɓe da kurfi da guduma da aka naɗe da ƙyalle don kada ta yi ƙara. Da ramin ya ɗan buɗe sai suka zura lema a rufe, suka buɗe ta daga ƙasa, ta yadda duk ɓarɓashin da ya faɗo a cikinta zai zuba, kada ya motsa ƙararrawa. Ita ƙararrawar da kumfar na'urar kashe gobara suka toshe ta. Abin da kake ji kawai numfashi ne da ƙarar ƙarfe, sai wani da ya taɓa maɓallin piyano bisa kuskure, gaban kowa ya faɗi. Mai kiɗan fim ɗin, Georges Auric, ya rubuta wa wurin kiɗa, da ya kalle shi babu kiɗan sai ya yarda a bar shi haka. An hana nuna fim ɗin a wasu ƙasashe don tsoron kada ya zama darasi ga ɓarayi.

Daraktan, Jules Dassin, Ba'amurke ne. An sa shi a jerin waɗanda aka hana aiki a Hollywood bayan abokan sana'arsa sun ambaci sunansa a gaban kwamitin majalisa da ke farautar 'yan gurguzu. Ya yi shekaru babu aiki kafin wannan. Shi da kansa ya fito a matsayin César, mai fasa akwatin kuɗi, wanda a ƙarshe ya ambaci sunan abokinsa da aka matsa masa.  Ya samu kyautar darakta a bikin Cannes na 1955.

Wane ne Melville da ake ta ambato?

Sunansa na yanka Jean-Pierre Grumbach, an haife shi a 1917, ya mutu a 1973. Lokacin mamayar Jamus ya shiga 'yan gwagwarmaya, ya ɗauki sunan marubucin Amurka Herman Melville a matsayin sunan ɓoye, bai kuma sake shi ba. Yana da nasa ɗakin ɗaukar fim a titin Jenner a Paris, wanda gobara ta cinye a 1967 ana tsakiyar aikin Le Samouraï.

Fina-finansa na laifi su ne Bob le flambeur a 1956, labarin tsohon ɗan caca da ya shirya fasa gidan cacar Deauville. Le Doulos a 1962. Le Deuxième Souffle a 1966. Le Samouraï a 1967. Le Cercle rouge a 1970. Da Un flic a 1972. Kana bin su a jere za ka ga magana na raguwa, launi na dusashewa. A Le Samouraï, Alain Delon na kwance a ɗaki mai launin toka, hayaƙin taba na tashi, tsuntsu na kuka a keji, a yi kusan minti goma ba a ce uffan ba. Wani abin dariya: kalaman hikima da ya rubuta a farkon Le Samouraï da Le Cercle rouge, ɗaya ya jingina wa littafin mayaƙan Japan ɗaya ga Buddha, duk shi ya ƙirƙire su.

Su wane ne fuskokin da ke ta maimaituwa?

Gabin, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1976, tauraro ne sau biyu: saurayi kafin yaƙi, sannan dattijo mai furfura daga 1954, lokacin da Grisbi ya dawo da shi har ya ci kyautar jarumi a Venis. A wannan fim ɗin ne Lino Ventura ya fara fitowa. Haifaffen Parma ne a Italiya, ɗan kokawa ne da rauni ya raba shi da fage, bai taɓa koyon wasan kwaikwayo ba, kuma shi ne ya fi kowa kama da mutumin da zai iya karya maka hannu yana ba ka haƙuri. Sai Delon da Jean-Paul Belmondo a zuriya ta gaba. Le Clan des Siciliens na Henri Verneuil, 1969, ya haɗa Gabin da Ventura da Delon wuri guda, da kiɗan Ennio Morricone.

Mene ne alaƙar waɗannan fina-finai da yaƙi?

Ta fi yadda ake zato zurfi. Ƙasar da ta yi shekara huɗu ƙarƙashin mamaya, maƙwabci na kai ƙarar maƙwabci, ba abin mamaki ba ne fina-finanta su damu da tambayar wane ne ya yi magana. Henri-Georges Clouzot ya yi Le Corbeau a 1943, game da wasiƙun ɓatanci marasa suna da suka hargitsa wani ƙaramin gari. Da kuɗin Continental, kamfanin da Jamusawa suka kafa, aka yi shi, don haka bayan 'yanci aka dakatar da Clouzot daga aiki. Ya dawo a 1947 da Quai des Orfèvres, daga baya ya yi Les Diaboliques a 1955.

Akwai kuma José Giovanni, wanda daga littattafansa aka yi Le Trou da Classe tous risques da Le Deuxième Souffle. An yanke masa hukuncin kisa a 1948, aka sassauta, ya fito a 1956. Sai a shekarun 1990 ya fito fili cewa ya yi hulɗa da masu goyon bayan mamayar, kuma laifin da ya kai shi kurkuku ya haɗa da ƙwace da kisa. Mutumin da ya fi kowa rubutu a kan amanar 'yan fashi kenan. Le Trou, 1960, fim ɗin Becker na ƙarshe, ya ginu ne kan yunƙurin tserewa daga kurkukun La Santé a 1947, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yunƙurin na gaskiya, Jean Keraudy, shi ya fito a ciki.

Za a iya kallonsu da iyali?

Ba da yara ba. Jini kaɗan ne idan aka kwatanta da na yau, amma taba da giya ba sa barin hannu, gidajen rawa na dare suna ko'ina, a wasu kuma akwai ɗan tsiraici, kamar Bob le flambeur. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne yadda ake dukan mata ba tare da fim ɗin ya nuna damuwa ba; akwai irin wannan a Rififi da Le Doulos. Le Trou ne ya fi tsabta ta wannan fuska, maza biyar ne kawai da rami.

Mai kallo daga Afirka zai lura da wani abu kuma. A Pépé le Moko, Aljeriyawa ado ne a bayan Bafaranshe cikin garinsu. A littafin da aka ɗauko Rififi, abokan gabar 'yan Arewacin Afirka ne, Dassin ne ya ƙi, ya canza su. A Ascenseur pour l'échafaud kuwa mai kisan tsohon sojan lema ne da ya yi yaƙin Indochina da Aljeriya, wanda ya kashe kuma dillalin makamai ne da ya yi arziki da waɗannan yaƙe-yaƙe.

DVD, Blu-ray ko 4K: wanne ya dace?

DVD na da layuka 576 a tsarin Turai, 480 a na Amurka. Blu-ray na da 1080, 4K kuma 2160. Za ka ji ana cewa tsohon fim baƙi da fari ba ya buƙatar Blu-ray. Akasin haka ne. An ɗauki fina-finan nan a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda ke riƙe da bayani fiye da abin da DVD ke iya nunawa. Kuma aikin masu ɗaukar hoto irin su Henri Decaë a cikin duhu yake: bambancin baƙin riga da baƙin bango da baƙin inuwa. A kwafi mara kyau duk sai su cakuɗe su zama dunƙule ɗaya, ka rasa hannun da ya fito da bindiga.

Blu-ray shi ne daidai ga yawancin mutane. 4K na da amfani in talabijin ɗinka babba ne mai iya nuna baƙi na gaske, kuma kaɗan ne daga fina-finan suka fito a haka. Kamfanin faifai na Amurka, Criterion, ya fitar da Le Cercle rouge a 2022 da Le Samouraï a 2024. DVD kuwa kada a raina shi, don wasu ƙananan fina-finan a nan kawai suke.

Na sayi faifai ya ƙi kunnuwa. Me ya faru?

Kusan kullum matsalar shiyya ce. An raba duniya gida-gida, faifan wata shiyya ba ya aiki a na'urar wata. A DVD, Amurka da Kanada shiyya ta 1 ce, Turai ta 2, yawancin Afirka, har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ta 5. A Blu-ray haruffa ne: nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya A, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya B, sauran, irin su Rasha da Sin da Indiya, C. Wato a Blu-ray muna gida ɗaya da Faransa da Birtaniya, amma ba da Amurka ba, kuma faifan Criterion da Kino Lorber na Amurka galibi a kulle suke a A. Faifan 4K ba shi da shiyya, sai dai Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yana iya zama a kulle.

Ana buga alamar shiyya a bayan kwali, ƙasa-ƙasa. Yawancin na'urorin DVD masu araha da ke kasuwanninmu suna cin kowace shiyya, amma na Blu-ray ba haka suke ba, sai wadda aka buɗe musamman. In kuma daga Amurka aka kawo maka na'ura, ka duba bayanta kafin ka jona: wutarsu 120 ce, tamu 220 zuwa 230. Wadda ba a rubuta mata 100 zuwa 240 ba tana buƙatar taransifoma, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Waɗanne kamfanoni ne ke fitar da su?

A Faransa, manyan masu riƙe da haƙƙin su ne StudioCanal da Gaumont da Pathé. Su ke biyan kuɗin gyara, sannan su ba wasu lasisi. A Amurka akwai Criterion, wadda aka kafa a 1984, ita ta fitar da Rififi da Les Diaboliques da Ascenseur pour l'échafaud da na Melville da dama, tare da hirarraki da ɗan littafin sharhi. Kino Lorber ta fitar da Bob le flambeur da Le Doulos da Touchez pas au grisbi a Blu-ray, ta kuma haɗa wasu uku da ba su yi suna ba a kwali guda: Le Rouge est mis na Gilles Grangier, da Le Dos au mur da Un témoin dans la ville na Édouard Molinaro. A Birtaniya akwai reshen StudioCanal da BFI, wato cibiyar fina-finai ta Birtaniya, da Arrow, Criterion ma tana fitar da wasu a can tun 2016. Ga wanda ke Afirka kuma Turanci yake karantawa, bugun Birtaniya ne ya fi sauƙi, saboda dalilin da ke cikin amsar shiyya da kuma ta fassara.

Yaya batun fassara?

Nan ne tarko na biyu. Faifan da aka buga don kasuwar Faransa sau da yawa ba shi da fassarar Turanci a ƙasan allo, sai rubutun Faransanci don kurame. Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci wannan ba matsala ba ce, yana ma da amfani, domin 'yan fashin ba Faransancin makaranta suke yi ba. Zaurancen 'yan daban Paris ne, har littafin Albert Simonin da aka ɗauko Grisbi sai da aka liƙa masa ɗan ƙamus a baya don Faransawa su kansu. Ga ɗan Kano ko Kumasi kuwa, faifan Faransa mara fassara hoto ne kawai. Ka karanta jerin harsunan da ke bayan kwali, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya rubuta a shafinsa.

Sunaye ma na rikitarwa. Ascenseur pour l'échafaud a Amurka Elevator to the Gallows ne, a Birtaniya Lift to the Scaffold. Le Quai des brumes shi ne Port of Shadows. Ka riƙa nema da sunan darakta da shekara.

Me ake nufi in an ce an gyara fim, kuma kowane gyara ne mai kyau?

Har zuwa farkon shekarun 1950 ana ɗaukar fim ne a kan zare mai sinadarin naitiret, mai saurin kama wuta da ruɓewa. Wanda ya gaje shi ma yana lalacewa, ya riƙa warin tsami yana nannaɗewa. Gyara shi ne a nemo zaren asali da ya fito daga kyamara, ko mafi kusa da shi, a ɗauki hoton kowane gida da na'ura, a cire ƙura da karce a kwamfuta, a daidaita haske da sauti. Ana ajiye da yawa daga cikin zarurrukan a rumbun hukumar fina-finai ta Faransa da ke Bois-d'Arcy, aikin gyaran kuma wurare irin su Éclair a Faransa da L'Immagine Ritrovata a Bologna ke yi.

Ba kowane gyara ne alheri ba. Zaren fim na da ɗan yashi-yashi a hotonsa, wanda daga jikinsa yake. Wasu kan goge shi don hoto ya yi sheƙi, sai fuskar Gabin ta koma sumul kamar ta 'yar tsana, ƙurajen da suka sa ya zama Gabin su ɓace. A fina-finai masu launi kuma rigimar ta launi ce. Bugu daban-daban na Le Cercle rouge ba su yi daidai da juna ba, wani ya fi shuɗi, wani ya fi ɗumi, masoya na ta gardama, ga shi Melville da Decaë duk sun mutu balle a tambaye su. Kafin ka sayi fim a karo na biyu don an ce sabon gyara ne, ka nemi hotunan kwatance ka gani da idonka.

Me ya sa nake ganin baƙaƙen shafi a gefen allo?

Haka ya kamata. Grisbi da Rififi da duk na kafin su kusan murabba'i aka ɗauke su, faɗi 1.37 ga tsayi 1, don haka a talabijin na zamani gefe biyu za su zama baƙi. Na baya sun fi faɗi, 1.66 ko 1.85, wasu kamar Mélodie en sous-sol har 2.35, na 1.66 ɗan siririn baƙi ne zai rage a gefe, na 1.85 da 2.35 kuma sama da ƙasa ne za su yi baƙi. Kada ka danna maɓallin cika allo: ko ya buɗa fuskoki, ko ya yanke kawuna.

Na ga fim ɗaya da tsawon mintuna daban-daban. An yanke wani ne?

Wani lokaci a'a. Ana ɗaukar fim a hoto 24 cikin daƙiƙa, DVD na Turai kuma 25 yake nunawa, sai fim ya yi sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Le Cercle rouge mai minti 140 zai koma kusan 134, murya ta ɗan ƙara siranta, amma ba a cire komai ba. Blu-ray yawanci ba shi da wannan matsala.

Wani lokaci kuma an yanke ɗin ne. Le Cercle rouge ya daɗe yana yawo a ƙasashen Turanci a gajarce sosai. Le Salaire de la peur na Clouzot, 1953, an zaftare masa wuraren da ke sukar kamfanin mai na Amurka kafin a nuna shi a can. Le Jour se lève ya sha wahala biyu: masu tace fina-finai na gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa lokacin mamayar Jamus, sun yanke shi, sannan kamfanin RKO da ya sayi haƙƙinsa don sake yin sa a 1947 ya nemi tattara kwafe-kwafen asali ya lalata. Ya tsira, kuma gyaran 2014 ya maido da abin da aka cire. Shi ya sa shekarar gyaran da ke jikin kwali take da muhimmanci.

Me ya sa wasu faifan ke da tsada haka?

Lasisi na da wa'adi. In ya ƙare, kamfani ya daina bugawa, sauran kwafin da ke hannun mutane sai kuɗinsa ya tashi. A 2010 Criterion ta rasa haƙƙin fina-finan StudioCanal da dama a lokaci guda, ciki har da Le Trou da Le Corbeau da Quai des Orfèvres da Le Quai des brumes. Shawarata ita ce haƙuri. Sau da yawa dalilin ɓacewar tsohon bugu shi ne haƙƙin ya koma wani hannu, bayan 'yan shekaru sai sabo ya fito, ya fi kyau kuma ya fi araha. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don tsohon DVD na Bob le flambeur ya ga haka da Blu-ray ɗinsa ya fito. Ka kuma duba ko akwai bugun Birtaniya kafin ka bi na Amurka.

Tunda sun tsufa, ba kyauta suke a intanet ba?

A'a. A dokar Faransa haƙƙin fim na ɗorewa shekara 70 bayan mutuwar na ƙarshe cikin waɗanda suka ƙirƙire shi: darakta, marubucin labari, marubucin zance, mai kiɗa. Melville ya mutu a 1973, Dassin sai 2008, ka yi lissafi. Abin da ake ɗorawa a YouTube galibi ba da izini ba ne, kuma daga tsohon kaset ko talabijin aka kwafo, an matse shi har duhun ya zama tabo-tabo, fassarar kuma ta na'ura. Duba amsar da ke kan DVD da Blu-ray don ganin abin da hakan ke yi wa irin wannan fim.

Hanyoyin halas suna nan, amma su ma da iyakokinsu. Criterion Channel, manhajar kallon fim ta intanet, Amurka da Kanada kaɗai take aiki. MUBI na aiki a ƙasashe da yawa, sai dai jerin fina-finanta na canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, abin da ke nan wannan wata yana iya ɓacewa a wata mai zuwa. Tashar TV5Monde kan nuna tsofaffin fina-finan Faransa lokaci zuwa lokaci.

Yaya zan adana faifai a ƙasa mai zafi da ƙura?

A tsaye cikin kwalinsa, nesa da taga, kuma kada a bar shi a mota ko kan na'urar da ta yi zafi, don yana lanƙwashewa. A riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya. In ya yi ƙura, musamman lokacin hunturu, a hure tukuna sannan a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi zagaye shi ke sa faifai tsalle. Blu-ray na da rufi mai tauri da ya fi na DVD jure karce, amma bayanansa sun fi kusa da fuska, don haka kada a kai shi wurin masu goge faifai da injin. Na'urar ita ma a rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita, a kuma jona ta ta hanyar sitabilaiza, a cire ta daga soket duk lokacin da za a tayar da janareta.